Hasken Leza da Allurar Jini a Kan Baƙar Fata: Nazarin Sabon Gyaran Fuska Daga Minna

Mace mai riƙe da babbar waya a Tunga ko Bosso ko Chanchaga da wuya a ce ba ta taɓa cin karo da tallan nan ba: fuska biyu a jere, ta hagu duk tabo da duhu, ta dama sumul tana sheƙi, a ƙasa kuma an rubuta cewa zama uku aka yi, ba yanka ba ɗinki. Abu biyu masu tallan suke sayarwa. Ɗaya hasken leza ne, wanda ake haska wa fuska don ya ƙone tabo ko ya tayar da sabuwar fata. Ɗayan kuma farfaɗo da fata ne ta hanyar caccaka ta da ƙananan allurai, a shafa mata ko a zuba mata ruwan jinin mai fuskar, ko wasu ruwaye da aka sarrafa a ɗakin gwaji. Daga Minna zuwa Abuja tafiyar kusan kilomita 150 ce ta Suleja, kuma a Wuse da Maitama akwai asibitoci da gidajen kwalliya masu wannan aiki. Ƙananan kayan kuwa, irin ɗan gargaren nan mai allurai, ta intanet ake sayen su a kawo wa mutum har ƙofar gida.

Hanyoyin nan suna da tushe a ilimi, kuma suna yi wa wasu amfani na gaske. Sai dai an ƙirƙire su ne, an kuma fara gwada su, a kan fatar da ba irin tamu ba, don maganin matsalar da ba ita ta fi damun mu ba. Fuskar da ke neman gyara a Minna galibi baƙa ce ko wankan tarwaɗa, tana shan rana mai ƙarfi shekara zagaye, sau da yawa kuma man bilicin ya riga ya taɓa ta. Waɗannan abubuwa uku su ke yanke hukuncin ko aikin zai gyara ko zai ɓata, fiye da tsadar na'urar ko sunan ƙasar da aka ƙera ta.

Yadda fuskarmu ke tsufa

Fata hawa biyu ce. Ta sama siririya ce ƙwarai, kuma a gindinta ƙwayoyin da ke sarrafa melanin suke, wato sinadarin da ke ba fata launi. Ta ƙasa ta fi kauri, a nan ake samun jijiyoyin jini da zaren kolajin mai riƙe fuska ta tsaya cas. Bayan mutum ya wuce shekara 20, kolajin kan ragu da kimanin kashi 1 cikin 100 kowace shekara, rana da hayaƙin taba kuma suna ƙara wa raguwar sauri. Yawan ƙwayoyin launi kusan ɗaya ne a jikin Bature da na Bahaushe ko Banufe ko Bagware. Bambancin yana wajen aikinsu: namu suna fitar da melanin mai yawa, cikin ƙunshi manya, a watse ko'ina a fatar sama.

Wannan baiwa ce babba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1979 ya auna cewa kariyar da baƙar fata ke bayarwa daga hasken rana mai ƙuna ta kai kusan ninki huɗu na ta farar fata. Shi ya sa tamoji ke jinkirin zuwa mana da shekara 10 ko fiye. Baturiya 'yar shekara 45 da ta je wurin likitan fata, yanƙwanewar gefen ido da ta baki ce ta kai ta. Takwararta ta Minna kuwa abin da ke kai ta gaban madubi daban ne: tabon ƙuraje da ya ƙi gushewa, duhun kumatu da goshi da ke zuwa da juna biyu ya zauna, fuska launi biyu, 'yan ƙananan baƙaƙen tsiro a gefen ido da ake gado a dangi. Ƙwayoyin launin da ke kare mu masu saurin fushi ne. Duk abin da ya taɓa su, ƙurji ne ko ƙuna ko susa ko dirza mai tsanani, martaninsu ɗaya ne, su ƙara zubo baƙi a wurin, kuma baƙin kan yi watanni, wani lokaci shekaru, kafin ya washe. Wanda bai riƙe wannan ba, duk sauran bayanin ba zai amfane shi ba, domin leza ƙuna ce da aka auna, allura kuma rauni ne da aka yi da gangan.

Abin da haske yake nema a cikin fata

Theodore Maiman ne ya kunna lezar farko a duniya a 1960 a Kalifoniya, bayan shekara uku kuma likitan fata Leon Goldman na Cincinnati ya fara gwada ta a kan fatar mutum. Amma ginshiƙin aikin yau an kafa shi ne a 1983, lokacin da Rox Anderson da John Parrish na Jami'ar Harvard suka nuna cewa idan aka zaɓi haske mai zangon da ya dace, aka kuma sake shi cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, zai ƙone abin da aka nufa shi kaɗai ya bar na kewaye. Abubuwa uku ne a cikin fata ke shanye haske: melanin, da jan sinadarin jini, da ruwa. Kowace leza ɗaya daga cikinsu take farauta.

Ga inda matsalar take. A farar fata, baƙin ɗigo shi kaɗai ne a fili, haske zai wuce ta sama lafiya ya same shi. A baƙar fata kuwa melanin ya rufe ko'ina, don haka fatar sama ce ke fara shanye zafin tun kafin ya isa inda aka aike shi. Gajeren zango ya fi shiga melanin: haske mai nanomita 532 ko 694 ko 755 kan iya tayar da bororo a fuskar da ta yi duhu, ya bar baƙin tabo, ko kuma ya kashe ƙwayoyin launin ya bar farin dabbare wanda ya fi wuyar magani. Na'urar nan mai walƙiya da ake kira IPL, wadda gidajen kwalliya suka fi iya saye saboda sauƙin kuɗinta, ba leza ba ce ma. Haske take saki mai zanguna barkatai a lokaci guda, kuma tana cikin waɗanda suka fi ƙona baƙar fata. Wadda likitoci suka fi amincewa da ita a kanmu ita ce Nd:YAG mai nanomita 1064, don melanin bai cika shanye ta ba, tana kuma nutsawa ciki sosai. Da ita ake rage gashin fuska ga matan da ke fama da shi, da ita ake taimaka wa maza masu ƙurajen aski a haɓa da wuya, waɗanda gashi ke lanƙwashewa ya koma cikin fata. A wannan fanni amfaninta tabbatacce ne.

Lezar sabunta fuska gaba ɗaya kuwa ruwa take farauta. Ta iskar kabon mai nanomita 10,600 da ta erbiyom mai 2,940 suna tafasa ruwan da ke cikin fata su ɗaye ta. A shekarun 1990 fuskar duka ake ɗayewa, mutum ya yi makonni yana jinya. A 2004 Dieter Manstein da Anderson suka kawo dabarar da ta sauya aikin: maimakon a ƙone fili duka, sai a yi dubban ramuka ƙanana kamar saran shuka a gona, rami nan rami can, a bar lafiyayyar fata a tsakani ta taimaka wurin warkewa. Wannan ya rage jinya, ya rage haɗari, amma bai kawar da duhun bayan aiki ba. Ko a tsakanin mutanen Asiya, waɗanda fatarsu ba ta kai tamu duhu ba, shi ne illar da aka fi samu.

Akwai kuma batun ma'auni. Mai sarrafa leza yana saita ƙarfinta ne bisa rabe-raben fata na Thomas Fitzpatrick, wanda ya tsara a 1975 don auna yadda fatar Turawa ke ƙuna da haske. Aji huɗu ya fara da su, daga baya aka ƙara na biyar da na shida don su ɗauki sauran mutanen duniya masu duhu. Kenan Bafulatana fara da Bagwariya baƙa da Bahaushiya wankan tarwaɗa duk a cikin aji biyu ko uku za a cusa su, alhali fatarsu ba iri ɗaya take amsa zafi ba. Don haka likita mai hankali ba ya dogara ga jadawali kawai. Yakan gwada ɗan wuri a bayan kunne ko ƙarƙashin muƙamuƙi, ya jira mako biyu zuwa huɗu ya ga abin da fatar za ta ce.

Fuskar da mai ya riga ya ci

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna shafa man ƙara haske. Asalin adadin binciken da aka yi ne a tsakanin 'yan kasuwar Legas aka wallafa a 2002, don haka kuskure ne a ɗauke shi a matsayin ƙidayar matan ƙasa baki ɗaya. Amma wanda ya ratsa layin masu kayan shafa a Kasuwar Kure ya san abin ba ƙarami ba ne. A watan Fabrairun 2023, a wani taro a Kano, shugabar NAFDAC Farfesa Mojisola Adeyeye ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Dokar hukumar ta hana zaiba da sitiroyid a kayan shafa, ta kuma iyakance haidirokwinon ga kashi 2 cikin 100. Haɗin da ake damawa a roba a bayan shago, a liƙa masa takarda a ce na gargajiya ne ko na itatuwa zalla, babu mai auna abin da ke cikinsa.

A dubi fuskar da ta shekara biyar ko shida tana shan irin wannan haɗi. Daga nesa fara ce tas. Idan aka matso, fatar kumatu ta yi siriri har ana ganin jajayen jijiyoyi kamar zare a ƙarƙashinta. A kan ƙashin kumatu da gefen goshi, daidai inda hijabi ya bari a buɗe rana na duka, akwai wani duhu mai kama da toka ko shuɗi-shuɗi, da 'yan ɗigo-ɗigo a cikinsa. Gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, nankarwa ta fito a damtse ba tare da ƙiba ko haihuwa ba, ƙuraje iri ɗaya sun yi layi a haɓa, makero ko ƙyasfi ya bazu ya ƙi jin magani. Mai wannan fuska idan ta shiga rana sai ta ji kamar an watsa mata barkono. Siririn fatar da jijiyoyin da nankarwar aikin sitiroyid ne, irin su kilobetasol. Duhun tokan kuwa aikin haidirokwinon ne, ciwon da likita Findlay da abokan aikinsa suka bayyana a Afirka ta Kudu a 1975, wanda Farfesa Yetunde Olumide ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ta sake tattara bayaninsa a 2008 tare da sauran illolin da ta gani a marasa lafiyarta. Zaiba kuma ƙoda take ci a ɓoye.

Irin wannan fuska ce tallan leza ya fi jan hankalinta, kuma ita ce ta fi kowace shiga haɗari a ƙarƙashinsa. Dalili na farko, launin da ido ke gani ƙarya ne. Mai na'ura zai kalle ta ya sa ta a aji na huɗu, ya ɗaga ƙarfin haske daidai da haka, alhali ƙwayoyin launinta na aji na shida ne, danne su kawai aka yi, suna nan da ransu. Da zarar zafi ya taɓa su sai su farka su zubo baƙin da ya fi na da. Na biyu, sitiroyid yana hana rauni warkewa, yana kuma raunana garkuwar fata, ga shi dukan dabarar leza da allura ta dogara ne ga fata ta iya ɗinke kanta. Na uku, duhun haidirokwinon can cikin fatar ƙasa yake zaune, kuma ko a hannun ƙwararru sakamakon leza a kansa ba shi da tabbas: wasu su samu sauƙi, wasu su tashi a tutar babu. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yawancin masu wannan matsala ba sa faɗa. Za a tambaye ta me take shafawa, ta ce man kaɗe ne kawai, don kunya. Wannan kunyar kan jawo mata tabon da za ta mutu da shi. Kuma mai sitiroyid ba a yanke shi rana ɗaya bayan an daɗe a kansa. Fuska za ta yi ja ta kumbura, jiki ma na iya shiga wani hali, shi ya sa ake janye shi sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar likita.

Allura da jini

Caccaka fata da ƙananan allurai ba ta amfani da haske, don haka ba ta farautar melanin. Wannan ne ya sa ta fi dacewa da baƙar fata a kan yawancin lezoji, musamman wajen ramukan da ƙuraje suka bari. Cikin waɗanda suka bunƙasa ta akwai Desmond Fernandes, likitan tiyatar gyaran jiki na Cape Town. Allurai masu tsawon rabin milimita zuwa milimita biyu da ɗoriya suna huda fata, jiki ya ɗauka an ji masa ciwo, ya shiga saƙa sabon kolajin. Ana yin zama uku zuwa shida, wata guda tsakanin kowane.

Ruwan jini kuma ga yadda ake yin sa. A ɗebi jini kamar cokali ɗaya ko biyu daga hannu, a zuba a kwalbar gwaji, a sa a injin da ke juya ta da gudu na kusan minti 10. Idan aka fito da ita sai a ga ta rabu: jajayen ƙwayoyi sun kwanta a ƙasa, ruwa mai launin rawaya ya taso sama, a tsakaninsu ga wani siririn farin layi. Ruwan da ke dab da layin nan ake zuƙa, don a nan ƙwayoyin daskarar da jini suka taru, ninki uku zuwa biyar na yadda suke a jiki, kuma su ne ke ɗauke da sinadaran da ke umartar rauni ya warke. Tunanin yana da ma'ana. Hujjar ce ba ta kai ƙarfin tallan ba. A 2018 Murad Alam da abokan aikinsa a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun yi gwaji mai kyau: kunci ɗaya aka yi wa allurar ruwan jini, ɗayan ruwan gishiri, mutum 19 suka kammala. Bayan wata shida masu fuskar sun ce gefen jinin ya fi laushi, amma likitocin da suka duba hotuna ba tare da sanin wane gefe ne wane ba, ba su ga bambancin a zo a gani ba. Inda aka fi samun alamar amfani shi ne idan an haɗa shi da caccakar allura a kan tabon ƙuraje. Akwai kuma abin da ya shafe mu nan: zazzaɓin cizon sauro yana rage waɗannan ƙwayoyi a jini, don haka wadda ta tashi daga zazzaɓi kwanan nan jininta ba shi da abin da ake nema.

Babban haɗarin wannan hanya ba a launi yake ba, a jinin yake. A watan Afrilun 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoton mata uku da suka kamu da ƙanjamau bayan an yi musu wannan aiki a wani gidan kwalliya marar lasisi a jihar New Mexico, wanda aka rufe a 2018. Masu bincike sun tarar da kwalaben jini ba suna a kan teburin kicin, wasu a firji tare da abinci. A Nijeriya binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B kuwa ya kai kashi 8.1 a tsakanin manya. Ƙwayar ciwon hantar ta fi ta ƙanjamau saurin kamu nesa ba kusa ba, tana kuma iya rayuwa kwana bakwai a kan busasshen ƙarfe. Gargaren allura ɗaya da aka goge da sifirit aka yi wa mata biyu aiki da shi ya isa. Haka ƙawaye biyu a ɗakin kwanan ɗalibai da suka haɗa kuɗi suka sayi guda suna karɓa-karɓa.

Sababbin ruwayen da ake yayi yanzu, irin ekzozom da ake cewa daga ƙwayoyin halitta na asali aka tato shi, da wanda ake sarrafawa daga kifin salmon a Koriya ta Kudu, maganarsu gajera ce. Tun Disambar 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da kowane maganin ekzozom ba, bayan wasu sun kwanta ciwo a Nebraska. Binciken da aka yi a kansu ƙanana ne, a kan baƙar fata kuwa ya fi ƙaranci.

Rana, wuta, da ranar biki

Ko da an samu na'urar kirki da hannu nagari, rabin aikin a gida ake yin sa, kuma a nan yanayin Minna ke shigowa. A watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 37. Fuskar da aka yi wa leza tana buƙatar makonni ba ta sha rana ba, ga mai fuskar kuma za ta hau acaɓa zuwa sakatariya, ko ta tsaya jiran mota zuwa Gidan Kwano, ko ta yini a gindin murhu. Bincike ya nuna a 2010 cewa hasken rana na fili, wanda ido ke gani, shi ma yana duhunta baƙar fata, ba ɓoyayyen hasken mai ƙuna kaɗai ba, kuma man kariya na yau da kullum ba ya tare shi sai mai launi wanda aka sa wa sinadarin ƙarfe. Zafin wuta ma yana tayar da duhun kumatu. Hunturu kuma yana busar da fata ya tsattsage ta, warkewa ta yi nawa. Sannan ita kanta na'urar tana son wuta tsayayya da sanyaya mai aiki, don sanyin da ake fesa wa fatar sama shi ke kare ta lokacin da haske ke wucewa. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, amma wuta na ɗaukewa a Minna kamar ko'ina, don haka tambayar me ke riƙe da na'ura da firjin magani idan an ɗauke wuta tambaya ce ta lafiya.

Babbar kasuwar gyaran fuska a ƙasar Hausa ta amare ce. Gyaran jiki da muka sani, dilka da halawa da kurkur da turare, na mako biyu ne zuwa wata guda kafin biki, kuma an saba ganin sakamakonsa nan take. Wannan lissafi bai hau kan leza da allura ba ko kusa. Sabon kolajin yana ɗaukar wata uku zuwa shida kafin ya nuna. Duhun bayan aiki kuwa yakan bayyana ne cikin mako biyu zuwa huɗu. Amaryar da aka yi wa leza saura wata guda, amfanin ba zai iso ba sai ta tare, illar kuma za ta iya sauka daidai ranar kamu.

Sai batun tabo mai tudu, wanda ke girma ya wuce iyakar raunin, ya yi ƙaiƙayi da zafi. Ya fi yawa a baƙar fata, yana bin dangi, ya fi son kunne da muƙamuƙi da ƙirji da kafaɗa. Wanzamai da suka daɗe suna tsaga da ƙaho sun san akwai jikin da aska ba ta barin sa lafiya. Wadda hujin kunnenta ya taɓa yin ƙulli, ko tsohon ciwo ya tashi ya yi tudu, ta faɗa wa likita tun kafin a taɓa ta. Masu zanen gado a fuska, bille ko kalangu ko 'yar baka, da suke jin an ce leza na gogewa, gaskiyar ita ce tana iya rage zurfin zanen ta lallausa gefensa, idan kuma an cusa baƙi a ciki tana iya kwashe wani abu daga launin. Ba ta mayar da fata kamar ba a taɓa tsaga ta ba.

Mai karatu Musulmi zai so sanin matsayin addini. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya a Malesiya a 2007, ta halatta gyaran aibin da ya samu jiki, kamar ƙuna da tabon ciwo ko haɗari, ta hana sauya halittar da take lafiya don son zuciya ko yaudara, ta kuma ce ba a cire tamoji da tiyata ko allura sai idan ya zama cuta kuma an aminta daga cutarwa. A fahimtata wannan rabewa ta yi daidai da ta likitanci: maganin tabon ƙuraje da gyaran ɓarnar bilicin suna gefe guda, neman a mayar da baƙa fara yana ɗaya gefen, kuma babu lezar da ke yin na biyun ba tare da ta yi ɓarna ba.

Abin da ya kamata ya riga na'ura

Tsarin da hujja ta fi goyon baya ba shi da ƙyalƙyali. A daina haɗin mai. A yi maganin ƙurajen da ke haifar da tabon, don goge tabo alhali sababbi na fitowa aikin banza ne. A riƙa shafa man kariya daga rana kullum. Sannan magungunan shafawa da likita zai rubuta: a 1993 masu bincike a Jami'ar Michigan sun gwada tiretinoyin a kan baƙaƙen fata masu tabon duhu na tsawon mako 40, kuma ya washe tabon fiye da man da ba magani a ciki, sai dai mai ciki ba ta shafa shi. Don laushi da kare fata daga bushewar hunturu, man kaɗe da Jihar Neja ta fi kowace jiha samarwa ya wadatar, ko da yake ba ya tare rana yadda ake buƙata, mai fuska mai maiƙo kuma ta yi hankali da shi. Bayan wata uku zuwa shida a kan wannan, mata da yawa za su ga ba su da sauran buƙatar na'ura. Waɗanda suka rage, su ne caccakar allura ko Nd:YAG za ta amfana, a hannun likita.

Likitocin fata kaɗan ne a ƙasar nan, mafi yawansu kuma a manyan asibitocin koyarwa suke. Mutumin Minna zai iya farawa daga Babban Asibitin Minna ko Asibitin Ƙwararru na IBB ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida, a tura shi gaba idan da buƙata, zuwa Gwagwalada ko Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, ko Shika a Zariya, ko Asibitin Malam Aminu Kano. Ɗibar jini da huda fata da ƙona ta aikin asibiti ne ko da a ɗakin da aka ƙawata da furanni aka yi shi, don haka ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Neja da ofishin NAFDAC na jiha su sa gidajen kwalliya masu allura da na'urar haske cikin wuraren da ake yi wa rajista ana kuma leƙawa, tun sana'ar ba ta fi ƙarfin sa ido ba.

Ke kuma 'yar'uwa, kafin ki kwanta a gadon nan ki tambayi sunan na'urar da zangon haskenta, ki tambayi lasisin mai aikin, ki nemi a buɗe sabuwar allura a gabanki, ki ce a fara gwada bayan kunne. Ki faɗi gaskiyar man da kike shafawa ko da ba a tambaye ki ba. Hajiya uwar amarya, idan bikin bai kai saura wata shida ba, kada ki bari a kai fuskar 'yarki gaban leza.